Landirobar Abah Ta Karɓi Kayanta

Abah, mahaifinmu, shi ne ya fara, ba ni ba. Gara in faɗi wannan tun yanzu, domin har yau akwai masu cewa ni na hargitsa kwarinmu ana tsakiyar yankan kabeji.

Likita a birnin Ipoh ya ce ƙodar mahaifinmu ta gaza. Sai an riƙa yi masa wankin ƙoda a kai a kai, kuma dole ya zauna kusa da babban asibiti, in ba haka ba kada mu sa rai zai ga wani azumin. Mu kuwa muna can ƙolin dutse, gaba da Kampung Raja, inda kwana-kwanar hanyar sauka kaɗai kan juya wa mai lafiya ciki. Ƙanena Shukor yana da gida a Ipoh. Ya gyara ɗaki, ya sayi gado, matarsa har labule ta sauya. Abah ya ce shi fa ba inda za shi. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi masifa, wadda ita na fi ƙwarewa a kai. Yana zaune a baranda da kumburarrun ƙafafu yana kallon gonarsa, ko juyowa ba ya yi.

Ranar da na ishe shi, Anne Sinnappan bakanike ya zo shan shayi, yana zaune a kan matakala. Abah ya ajiye kofinsa, ya nuna bayan rumbun taki da haɓa.

"Rohayah, da waccan na hau dutsen nan. In zan sauka, da ita zan sauka."

Anne Sinnappan ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ai dole. Waccan ɗin da ake magana tsohuwar Landiroba ce da sojan Ingila suka bari, Abah ya saye ta gwanjo tun kafin ya auri Mak, mahaifiyarmu. Ina goyon ɗana na fari ta kwanta, ga shi yaron har ya tafi aiki Singapore. Ba taya, ba ƙofar direba, kabewa ta shiga ta taga ta fita ta baya. In ka ɗaga bonet, injin ne kawai zaune tsirara, duk abin da sifana ke iya kwancewa an kwance.

Ba sata aka yi mana ba. A wajenmu in mota ta kwanta, ta zama ta jama'a. Wanda tasa ta lalace ranar lodi zai zo da sifana a hannu, ya gaida mai gida, ya cire abin da yake bukata, ya bar kwandon abin da yake nomawa a kan kujera. Sannan ya yagi shafin da ke da zanen abin daga littafin gyara ya tafi da shi, don kada ya ɗaura a juye. Ba saye ba ne, aro ne, kuma duk ranar da mai abu ya nemi abinsa sai a mayar. Sai dai tun da nake ban taɓa jin wanda ya nema ba.

Abah ya san haka sarai, shi ya sa ya faɗi maganar yana wani lumshe ido. Ni kuma abin da na tsana ke nan, a yi mini wayo ana lumshe ido. Na ce wa Anne Sinnappan ya zama shaida. Na ce motocinmu masu tambarin CH a ƙofa ba a yarda su wuce iyakar dutse ba, to in ta kai shi iyaka da ƙafarta, Shukor ya ɗauke shi daga nan, an cika magana ko ba a cika ba? Abah ya ce an cika, har da ba Anne Sinnappan hannu. Nan take na ji jikina ya ɗau zafi, irin zafin da ba ya barina in zauna wuri ɗaya. Kafin su gama shayin na tsige kabewar nan kaf.

A ƙarƙashin kujerar motar na samo littafin, cikin leda. Bango ne kawai da 'yan shafukan farko, inda Bature ke bayanin yadda ake wanke mota. Na kai wa Abah na ce ya faɗa mini wa ya ɗauki me. Ya ce tsufa ya cinye masa ƙwaƙwalwa. Mutumin da har yau yake tuna sunan kowane kare da aka taɓa yi a kwarin nan.

Amma ya manta da fentin Mak. Shekarar da Mak, Allah ya jiƙanta, ta sa aka yi wa madafa fenti ruwan hoda, rabin gwangwani ya ragu, Abah kuwa ba ya zubar da komai. Sai ya bi kowane ƙarfe na motar ya ɗiga masa, wai don ya gane kayansa. Maza sun daɗe suna tsokanarsa a kan haka, suna ce wa motar amarya.

Washegari da safe na sauka wurin lodi a Kampung Raja, inda motocin kwarin ke jeruwa suna juye kwanduna cikin manyan motocin birni. Na ɗaure mayafina tamau, na shimfiɗa buhu, na shige ƙarƙashin ta farko da tocila a baki. Mace ta doshi hamsin, ƙafafu a waje. Wani ɗan dako ya tambaya ko Kak Yah, wato Yaya Rohayah, ta yar da zobe ne. Na ce ya matsa, yana tare mini haske.

Ban yi nisa ba na ci karo da ɗigon farko. A jikin farfela yake, laka ta rufe shi, na kankare da farce sai ga ruwan hoda nan raɗau. Wallahi ji na yi kamar na haɗu da ɗan'uwana a tasha. Na fito ina dariya ni kaɗai, fuska duk baƙin mai. Kafin azahar na ga sifirin ɗinmu a wata motar, kafireto a wata, sitiyarinmu a hannun wani yaro da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da babansa ya ara. Ashe motar Abah duk shekarun nan tana hawa tana sauka a jikin motocin mutane. Na koma gida ban ko tuna ban ci abinci ba.

Na ɗauka za a sha rigima, har na shirya bakina. Ina! Da na faɗi dalili sai mutum ya kalli motarsa, ya tambaya yaushe ake bukata. Kowa ya ce zai san yadda zai yi, ni kuma ban tsaya tambayar yadda za su yi ɗin ba, hankalina yana kan ɗigo na gaba.

Tauke Teck Hin ne kaɗai ya yi gardama. Shi da Abah tun suna samari suke faɗa a kan bututun ban-ruwa, kuma tun lokacin suke shan kofi a tebur ɗaya. Ya ce lagireton nasa ne, ya saya a Ipoh, jan da nake gani ruwan sitiroberi ne ya ɗiga. Na tambaye shi ko sitiroberinsa a ƙarƙashin lagireto yake fitowa. Ya ce bakina irin na ubana ne, Allah ya taimaki mijina. Da yamma sai ga shi da lagireton ɗaure a bayan babur, ya dire shi gaban Abah.

"Karɓi tsiyarka, Derus. Dama yoyo yake."

"A hannuna bai taɓa yoyo ba," in ji Abah, bai ko kalle shi ba.

Tauke Teck Hin ɗin ne kuma ya ari wayoyin wuta, ya dawo da su a dunƙule cikin buhu. Da na tambayi shafinsu sai ya fara sosa ƙeya. Wai lokacin da babansa ya mutu sun ƙona masa Landiroba ta takarda kamar yadda mutanensu suke yi wa mamaci, tare da gidan takarda da kuɗin takarda, don tsoho ya samu abin hawa a can. Ana cikin ƙonawa ya tuna tsohon bai taɓa tuƙa mota mako guda ba tare da fitilarta ta mutu ba, shi ne ya ruga gida ya ɗauko shafin ya jefa a wutar.

Abah ya juyo a karo na farko. Ya ce tsohon da ko a duniya bai iya Turanci ba, me zai yi da shafi? Da Sinnappan na takarda aka ƙona masa ai da ya fi amfani. Anne Sinnappan ya ce don Allah a bar shi da ransa, yana da jikoki. Muka yi dariya har Tauke Teck Hin yana share hawaye, amma ni ƙasan raina a dagule yake. Anne Sinnappan ya riga ya ce ba zai taɓa wayoyin nan ba sai da zanensu, domin launinsu ya koɗe duk sun zama iri ɗaya, in aka yi cinke motar za ta kama da wuta da tsoho a ciki.

Sauran shafukan sun yi ta dawowa tare da kayansu. Wani ya jiƙe da mai har ana ganin hannu ta bayansa, wani an ƙunshe irin latas a ciki, wani akuya ta ci rabinsa. Na riƙa goge su ina jerawa a ƙarƙashin katifa don su miƙe. Na wuta dai ya tafi lahira.

Na kira Shukor. Ya ce wannan hauka ne, a samo motar asibiti a ɗauko Abah ko yana so ko ba ya so. Na ce bismilla, ya hau ya ɗauke shi in ya isa. Ya bar maganar, don ya san ubansa. Bayan kwana biyu ya sake kira, wai ya samu wani zaure a waya na masu son tsofaffin Landiroba, ya saka hoton gangar jikin motar. Maza daga Penang har Kuching suka kama faɗa a kan shekarar da aka ƙera ta, ba wanda ya kula da abin da aka tambaya. Can sai wani tsohon soja a Taiping, Sarjan Bakri, ya ce yana da littafin cikakke tun na barikinsu, amma littafinsa ba ya kwana a waje, ko ƙofar gida ba ya fita.

Shukor ya ɗau hutu ya tafi har can. Ya ce tsohon sai da ya wanke hannu da sabulu, shi yake buɗe shafi, Shukor yana ɗaukar hoto, ba a yarda ya taɓa ba. Ina rumfata a kasuwa hotunan suka fara shigowa wayata, ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa. Ina gani na gane zanen wayoyin, layuka sun bi ta ko'ina, kowanne da sunan launinsa. Wata mata ta nemi tumatir na cika mata leda da karas, ta yi magana na ƙara mata masara. Sai ga kiran Shukor, murya tana rawa kamar lokacin da yake ɗan firamare.

"Kak, komai akwai. Har da yadda ake kwance injin gaba ɗaya. Kak, motar nan za ta tashi."

Daga ranar ya fi ni hauka. Mutumin da ko tayar motarsa bai iya canzawa ba ya zama ɗan gidan 'yan gwangwan na Ipoh. Ya samo tayoyi, batir, fulogi, bututun birki, fanbel, yana ɗora wa motocin kayan lambu da ke dawowa wayam. In mota ta tsaya a bakin hanya ta danna ham, sai in bar abin da nake yi in ruga da gudu, in dawo rungume da kwali kamar an ba ni jariri.

Shi kuwa Abah da farko juya kujerarsa ya yi ya ba rumbun baya. Ina sane na riƙa buga ƙarfe da ƙarfi. Wata safiya ina ɗaura kafireto, shafi a hannu ɗaya sifana a ɗayan, sai na ji murya daga baranda tana cewa a juye na ɗaura. Na ce littafi ne ya ce haka. Ya ce littafin ne na riƙe a juye. Na duba, wallahi gaskiyarsa. Ya tambaya wane sakarai ne ya koya mini riƙe sifana haka, na ce shi ne. Sai ya ce a kawo masa kujerarsa kusa, tunda ba a rantse sai an kashe masa mota ba.

Shi ke nan muka rasa sakat. Ƙwaƙwalwar da tsufa ya cinye ta dawo tas. Ya faɗi wanda ya ɗauki madubi, wanda ya ɗauki ham, wanda ya ɗauki murfin tankin mai ya bar kwandon wake mai tsutsa. Gidanmu ya koma kasuwa. Mutum zai kawo noti biyu ya wuni yana ba da shawara. Ina soya ayaba ina dafa shayi, ina shiga ƙarƙashin mota ina fitowa, ina faɗa da Anne Sinnappan a kan wa ya ɓatar da sifana mai lamba goma sha uku. Ranar da aka haɗa wayoyi fitilar hagu ta kawo, mutane suka yi tafi kamar an ci ƙwallo. Abah yana tsakiya yana ba da umarni, yana zagin kowa, yana cin abinci fiye da yadda ya yi wata da watanni. Rabon da in ji daɗi irin na kwanakin nan tun Mak tana da rai.

Amma ƙafafunsa kullum ƙara kumbura suke, kuma in ya yi dogon faɗa sai ya tsaya neman numfashi. Wata rana da la'asar, mutane sun watse, ya daɗe yana kallon motar a kan sababbin tayoyinta.

"Ke dai kin ƙosa ki kore ni," ya ce a hankali.

"Na ƙosa ka rayu, Abah."

Can ya ce in miƙo masa shafin birki.

Abu ɗaya ya rage, kuma kowa ya san inda yake, ba dai wanda ya furta. Akwatin giya, tare da ogzileri, giyar hawan dutse. Yana cikin motar Akka Valli. Mijinta ne ya ara shekara guda kafin ya mutu, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da gona a can gefen da ya fi ko'ina tsauri, inda ba abin da ke hawa sai mai ogzileri. Ita take tuƙa motarta da kanta, kuma kabejinta ya isa yanka.

Na tafi Ringlet wajen 'yan gwangwan, na tarar da guda ɗaya a tsage. Shukor ya samo wani a Ipoh, aka hau da shi muna ta murna, ashe na wata irin mota ce, ramukan noti ma ba su yi daidai ba. Mutanen zauren waya suka ce ana iya kawo shi daga Ingila ta jirgin ruwa, a jira wata biyu ko uku. Na kalli ƙafar Abah na san ba mu da wannan lokacin. Shi kuma ya kafa doka, ya ce ba mai taɓa motar Valli. Da gaske yake, na sani. Amma na ga ya fara lumshe idon nan kuma.

Na hau babur na tafi gidanta, na shirya maganata tun daga hanya. Ta ba ni kujera, ta ba ni shayi. Ina hango motar a tsakar gida an jera mata kwanduna. Muka yi zancen ruwan sama, muka yi zancen tsutsar kabeji, muka yi zancen makarantar 'yarta. Ni Rohayah da ba a taɓa jin bakina ya mutu ba, na tashi na yi sallama ban ce komai ba. A hanya na tsaya gefen gonar shayi na yi kukana, na fyace hanci na wuce.

Da safe muna karyawa muka ji ƙugin mota tana shigowa. Akka Valli ta faka daf da tamu, ta sauko da gwangwanin biskit a hammata, ta jefa wa Anne Sinnappan makulli ta ce a cire. Abah ya yunƙura zai tashi, ya ce ba da yawunsa ba.

"Pakcik, aro ne," in ji ta, haka take kiransa, wato kawu. "Mai abu ya nema."

"Ban nema ba."

"'Yarka ta zo gidana ta sha shayi kofi biyu ba ta zagi kowa ba. In wannan ba nema ba ne, mene ne?"

Ta buɗe gwangwanin. Shafukan giya ne a ninke, tsaf, yadda mijinta ya ajiye su. Abah ya tambaye ta kabejin fa? Ta ce tana da kai, 'ya'yanta ma kowacce da nata. Ta ƙi zama shan shayi, ta kama hanyar gida a ƙafa. Na bi bayanta da kallo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka gama ɗaure noti na ƙarshe. Ban aika wa kowa ba, amma kwarin gaba ɗaya ya zo. Shukor ya hau daga Ipoh da rigar ofis. Anne Sinnappan ya fasa kwakwa a gaban motar, ya sa lemon tsami a ƙarƙashin kowace taya, al'adarsu ta neman sa'a. Tauke Teck Hin ya rataye igiyar tartsatsin wuta mai fashewa, irin ta bikinsu, a jikin bishiya, yana riƙe da ashana, yana cewa asara zai yi, motar Derus ba tashi za ta yi ba. Abah ya yi bismilla ya ce in shiga.

Na murɗa makulli. Ta yi tari ta yi shiru. Na sake, ta yi tari biyu. Maza suka fara, wannan ya ce mai ne, wancan ya ce wuta ce, wani har ya cire riga zai tura. Abah ya daka musu tsawa, ya ce in ja cok rabi, in ɗauke ƙafata daga totur, motarsa ba ta son a matsa mata. Na ja, na ɗauke ƙafa, na murɗa.

Sai da sheƙar ɓera ta fara yin tsalle daga salansa, baƙin hayaƙi ya biyo baya ya turnuƙe wanda ya cire riga, sannan ta ɗauka. Kai, wannan ƙara! Kujerar tana girgiza har haƙorana suna haɗuwa. Tauke Teck Hin ya kunna wutarsa, kaji suka watse, yara suna ihu, Shukor ya rungume Anne Sinnappan duk rigarsa ta yi baƙi. Na diro ina tsalle ina guɗa, ban damu da wa ke kallo ba. Aka kamo Abah aka kawo shi, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet yana dariya, hawaye suna bin gemunsa. Ya daɗe a haka yana sauraron injin.

Sannan ya juyo ya ce in haɗa masa jaka.

Da safe muka kama hanya. Shukor ya riga mu sauka don ya jira a iyaka. Abah ya so ya tuƙa, ƙafar ta ƙi shiga tsakanin birki da kuloc, dole ya haƙura ya zauna a gefe, amma ya ce sandar ogzileri tasa ce. Gangaren gidanmu ya sa ta da kansa, motar ta sauka a hankali tana gurnani, ko zamewa ba ta yi ba. Yana ta surutu, yana nuna mini inda ya taɓa kafewa da Mak tana da cikina, yana cewa in rage gudu ba tsere muke ba. Ni kuwa sai danna ham nake a kowace kwana, ina jin kaina kamar mai kai amarya.

A kwanar farko bayan gada muka wuce wata mota a gefen hanya, bonet a buɗe, an tokare ta da dutse. Gaba kaɗan wata, an ɗora ta kan bulo ba sifirin. Gaba kuma wata, duk waɗanda aka ciro kayanmu daga jikinsu. Ranar lodi ce, amma hanyar ba ƙugin mota ko ɗaya sai namu. Mutane ne a ƙafa, da kwanduna a baya, da baro, da keke. Tauke Teck Hin, da shekarunsa, yana kan babur da buhunan kabeji sun fi shi tsawo, ya ɗaga hannu zai yi tsiya babur ɗin ya yi tangal-tangal, ya fasa. Duk wanda muka wuce sai ya sauke kaya ya ɗaga wa Abah hannu. Na daina danna ham.

A ƙasan gangaren gonarta muka ga Akka Valli da 'ya'yanta biyu, kowacce da kwando a ka, ƙafafu duk jar laka, suna saukowa a jere. Can sama kabejin da ya rage ya rufe gefen dutsen, ko kwata ba su ci ba. Ba ta iya sauke kwandon ba, sai ta yi mana murmushi daga ƙarƙashinsa. Abah ya juya yana kallonsu har kwana ta ɓoye su.

Shukor yana tsaye a iyaka, ya buɗe ƙofar baya, ya sa filo. Na faka, ban kashe injin ba. Abah bai motsa ba, hannunsa yana kan sandar ogzileri.

"Ki juya yanzu," ya ce. "Valli za a fara mayar wa giyar, yau ɗin nan, kafin la'asar. Sai Teck Hin. Kowa da shafinsa. Tayoyin da batir ki ba wanda ya fi bukata."

"Abah, in ka samu sauƙi fa? Da me za ka hau?"

Ya kalle ni, ba lumshe ido, ba komai.

"Rohayah, ke ma kin sani."

Na sani. Tun ranar da likita ya yi magana na sani, hayaniyar kwanakin nan ce ta sa na ajiye sanin a gefe. Muka kama shi ni da Shukor muka sauke shi, bai da nauyi ko kaɗan. Ya zauna a bayan motar Shukor, jaka a cinya, bai waiwayi dutsen ba. Sai da za su tashi ya sauke gilas ya ce in riƙa sa giya ta biyu a hawa, kada in matsa mata.

Na hau ni kaɗai, a giya ta biyu. Ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, tafiya take lafiya lau, har haushin lafiyarta na ji. Da na shiga gida Anne Sinnappan yana zaune a matakala da jakar kayan aikinsa, ba wanda ya kira shi. Na faka a bayan rumbun taki, na kashe. Muka tsaya muna jira injin ya huce. Bai gama hucewa ba ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, ya miƙo hannu, na sa masa sifana.